Dosimetiri ko Rediyografi: amsa ga Malam na Gumel

Malam, ka tambaya ko ɗanka da ya gama sakandare zai nufi dosimetiri, wanda ya ji ana biyan ma'aikatansa kuɗi mai kauri a Amurka, ko kuwa ya karanta rediyografi, wato aikin ɗaukar hoton cikin jikin mara lafiya, a gida, har kana tunanin sayar da gona domin wannan. Ga yadda hanyoyin biyu suke.

Ma'aikacin dosimetiri shi ne mai tsara yadda za a yi wa mai ciwon daji gashi da na'ura, wato ƙona ciwon da haske mai ƙarfi. Likita zai ƙayyade adadin hasken da ake so, misali gire 50 (gire shi ne ma'aunin hasken) a zama 25, shi kuma ya zauna gaban kwamfuta da hoton siti-sikan, yana lissafin ta wane gefe hasken zai shiga domin ya ƙona ƙarin ba tare da ya taɓa laka ko huhu fiye da kima ba. Aiki ne mai daraja, kuma albashinsa a Amurka ya haura dala 100,000 a shekara. Sai dai ba karatu ne da ake farawa daga sakandare ba. Tun daga 2017 hukumar MDCB, mai ba ma'aikatan dosimetiri shaidar ƙwarewa a Amurka, ba ta barin mutum ya zauna jarrabawarta sai yana da digiri na farko, kuma ya gama kwas ɗin da JRCERT, hukumar tantance irin waɗannan kwasa-kwasai a can, ta amince da shi, wanda yake ɗaukar wata 12 zuwa 24. Kuɗin makaranta da dala ake biya, ban da masauki da biza da jirgi, guraben kuma kaɗan ne, domin kowane ɗalibi sai an samar masa asibitin da zai koyi aiki.

Idan ya dawo gida kuma, nan gizo ke saƙar. Cibiyoyin gashi a Najeriya ƙalilan ne, irin su asibitin koyarwa na ABU da ke Shika, da na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da Asibitin Ƙasa na Abuja, kuma galibi masana fiziks na asibiti ne suke yin wannan lissafi. Duk wanda ya taɓa raka mara lafiya daga ƙauyenmu zuwa gashi ya san tsawon layin da ake bi, amma yawan marasa lafiya ba shi ne yawan guraben aiki ba, yawan na'urori ne.

Rediyografi kuwa ana shiga ta JAMB, akwai shi a Jami'ar Bayero, shekara 5 ne, sannan shekara guda ta sanin makamar aiki wadda ake biyan albashi a cikinta, sai rajista da RRBN, hukumar ma'aikatan rediyografi ta Najeriya, da hidimar ƙasa. Da naira ake biyan komai, yaro kuma zai iya zuwa gida ya tafi da gero da wake. Wanda ya gama yana iya ɗaukar hoton ƙashi da na ƙirji ko yin sikanin a asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse, ko a Birnin Kudu, ko a gidajen hoto masu zaman kansu a Kano. Albashin bai kama ƙafar na Amurka ba, wannan ba sai an faɗa ba.

A ganina, Malam, ka bar gonarka. Ko da zuciyar yaron tana kan dosimetiri, dole sai ya fara mallakar digiri, kuma rediyografi ko fiziks su ne mafi kusa da fannin. In ya gama, ya nemi yin shekarar koyon aikinsa a asibitin da yake da sashen gashi, ya ga aikin da idonsa kafin a yi maganar dala.