GM da Ford: wanda aka ceto da wanda ya tsaya da ƙafarsa

Alhaji, ka tambaya ko idan gwamnati ta ceto kamfanin mota daga durƙushewa masu saye kan ƙara riƙe shi, ko kuwa gudu suke yi. Bari in jera maka biyu ka gani.

A 2009 kamfanonin mota General Motors (GM) da Chrysler suka karye a Amurka. Gwamnati ta zuba wa harkar kusan dala biliyan 80, ta karɓe kusan kashi 61 cikin ɗari na GM. Dubban ma'aikata sun tsira da aikinsu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma GM ta daina ƙera Pontiac da Saturn, masu su suka wayi gari da marayun motoci. Wasu Amurkawa kuma suka ƙi sayen GM, wai da harajinsu aka tallafe ta. Sai a Disamban 2013 gwamnati ta sayar da ragowar hannun jarinta, da asarar sama da dala biliyan 10.

Ita kuwa Ford tun 2006 ta jinginar da kadarorinta, har da tambarinta, ta ci bashin sama da dala biliyan 23. Da guguwar ta taso ba ta karɓi kuɗin ceton ba, jama'a kuma suka saka mata: kasonta a kasuwa ya ƙaru, ta rufe 2009 da ribar dala biliyan 2.7. Sai dai fushin da aka yi da GM bai yi nisa ba. GM ta ci gaba da zama ta ɗaya a cinikin mota a Amurka har 2021, lokacin da Toyota ta sha gabanta.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne namu na gida. PAN (Peugeot Automobile Nigeria) ta Kaduna ta fara harhaɗa Peugeot a 1975, har 504 ta zama motar gwamnati da ta haya. Ina tuna ta mahaifinmu, fara sol, duk asuba mu ke wanke ta kafin ya kama hanyar Illela. A 2012 AMCON, hukumar gwamnatin tarayya mai karɓar basussukan bankuna da aka kasa biya, ta karɓi kamfanin saboda bashi. An hana shi mutuwa, amma masu saye sun riga sun koma ga 'yan Kwatano.

Shiga tashar mota nan Sakkwato gobe, ka tambayi direban Gusau abin da ya sa ya zaɓi Golf ko Toyota. Ba zai kawo maka zancen gwamnati ba. Cewa zai yi kayan gyaranta na nan birjik, kowane bakanike ya san cikinta, kuma ran da ya so rabuwa da ita dillali ba zai ja masa rai ba.