Katar da Baharain: kama da wane ba ta wane

Ɗan'uwa, ka tambaya a zauren nan ko Katar da Baharain ba jirgi ɗaya ya kwaso su ba, tunda duka ƙananan ƙasashen Larabawa ne masu mai, me ya sa sunan ɗaya ya cika duniya, ɗayar kuwa shiru kake ji.

Asalinsu kam kusan ɗaya ne. Kakanninsu da nutso cikin teku neman lu'u-lu'u suka ci abinci, har Japan ta fito da na kiwo, kasuwar ta mutu wajen shekarun 1930. Gidan Al Khalifa da ke mulkin Baharain ma daga garin Zubara da ke gaɓar Katar suka tsallaka a 1783. Duka biyun a 1971 suka fita daga hannun Ingila, Baharain a watan Agusta, Katar a Satumba, kuma kowacce ta ƙi shiga Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa.

Baharain ce ta riga kowa tashi. A 1932 aka haƙo mai a can, Saudiyya ma ba ta samu nata ba tukuna. Sai dai rijiyar ba ta da zurfi, shi ya sa tun da wuri ta raba ƙafa: masana'antar goran-ruwa (wato alminiyom) ta Alba a 1971, sai bankunan da suka gudo daga Beirut bayan yaƙin Labanan ya ɓarke a 1975, sai gadar Sarki Fahad mai tsawon kilomita 25 da aka buɗe a 1986, wadda Saudiyawa ke kwararowa ta kanta hutun ƙarshen mako. Duk da haka aljihu bai cika ba. A 2018 sai da Saudiyya da Kuwait da Daular Larabawa suka yi mata alkawarin tallafin dala biliyan 10.

Katar ta makara, ba ta fara fitar da mai ba sai 1949. Abin da ya ɗaga ta iskar gas ce. An gano makeken filin gas na arewacin ƙasar, a ƙarƙashin teku, tun 1971, ya yi shekaru ba a san yadda za a kai shi kasuwa ba. Bayan Shaikh Hamad ya karɓe mulki daga mahaifinsa a 1995 aka tsunduma cikin narkar da gas ɗin ana loda wa jiragen ruwa, Japan ce ta fara saye. Sunanta kuma ya fara fita duniya, daga kafa tashar Aljazeera a 1996, har karɓar baƙuncin gasar kofin duniya ta 2022.

A ganina lissafin baki ne ya raba su. Mutanen Katar sun kai kusan miliyan 3, amma 'yan ƙasa ba su fi ɗaya ko biyu cikin goma ba, sauran baƙi ne 'yan ci-rani. Tuwo da yawa, masu ci kaɗan. A Baharain kusan rabin mutum miliyan ɗaya da rabi 'yan ƙasa ne, akasarinsu 'yan Shi'a, masarauta kuma Sunni. Wannan ne ya fashe a 2011, aka cika dandalin Lu'u-lu'u a Manama, sojojin Saudiyya suka shigo ta waccan gadar, gwamnati ta rushe hasumiyar dandalin gaba ɗaya.

Kada ka ɗauka 'yan'uwantakar ta hana su 'yar tsama. Rikicin tsibiran Hawar sai da ya kai su kotun duniya, a 2001 ta ba Baharain Hawar, ta bar wa Katar Zubara. A 2017 kuma Baharain na cikin waɗanda suka rufe wa Katar ƙofa. Da Saudiyya ta toshe iyakar ƙasa guda ɗaya tilo da Katar ke da ita, madara ta yi wuya a kantuna, sai kawai mutanen suka yi ta jigilar shanun tatsa a jirgin sama. Ba a sasanta ba sai Janairun 2021, a taron Al'ula da ke Saudiyya.