Tsuntsayenmu a durowar Turawa

Jama'a ranar Talata na sha kunya a Tring, wani ɗan gari ne arewa da Landan. Wani ƙanena da ke karatun tsuntsaye ne ya matsa sai na raka shi gidan tarihin dabbobi da tsuntsaye da wani attajirin Bature, Walter Rothschild, ya buɗe a 1892. Kuɗin jirgin ƙasa kam ba a magana, ga tashar can nesa da gari, haka muka taka a ƙafa cikin yayyafi ina ta mita. Amma shiga kyauta ne, ko sisi.

Sashen da muka shiga ba kowa ake bari ba, sai da yaron ya nemi izini tukun. Fatun tsuntsaye wajen 750,000 fa, an cusa musu auduga suna kwance rigingine a durowa, kowanne da 'yar takarda ɗaure a ƙafa, an rubuta inda aka samo shi da ranar da wanda ya harbo. Wata Baturiya ta jawo durowa ɗaya ta ce waɗannan wani sojan Ingila mai tara tsuntsaye, Boyd Alexander, ne ya kwaso a tafiyarsa ta 1904 zuwa 1907 da ya bi ta Tafkin Chadi, sai ta ɗago wani ɗan mitsitsi ta ce me kuke ce masa da Hausa? Wallahi tsuru-tsuru na yi. Tsuntsun da na sha harbi da danƙo a bayan gari ina yaro! Buɗar bakina sai na ce "tsuntsu", ita kuwa ta riƙe fensir tana jira.

Eh na sani zamanin mulkin mallaka aka kwashe su, kuma abin ya sosa min rai. To amma da an bar mana da tuni gara ta gama da su tare da fayil-fayil ɗinmu. Su da 'yar takardar nan za su gaya maka wane tsuntsu ke ina shekara 120 baya, har ɗan naman yatsa suke yankowa su auna kwayar halitta. Mu fa? Ungulu ta ɓace daga kwata, kawunanta na wajen masu tsibbu, babu mai iya cewa ga shekarar da ta tafi. Gauraka sai a zance. Allah Ya saka wa 'yan APLORI, cibiyar binciken tsuntsaye ta Jos, su dai suna ƙirgawa suna rubutawa.

Na tura wa Baffa hoton tsuntsun ta WhatsApp tun a jirgi, har yanzu shiru, ƙila data ce ta ƙare.