Cibiyar da aka duba wa Baba maƙoshi da kyamara

Matsalar Baba da nama ta fara. Tsoka ta tsaya masa a ƙirji, sai ya kora da ruwa. A hankali tuwo ma ya zama sai an kwaɓa shi da miya, amma kunu da shayi lafiya lau suke wucewa. Gwaggo ta dage beli ne, a kira wanzami. Mu dai muka kai shi wata cibiya mai zaman kanta a Kano, inda ake zura siririyar kyamara ta baki, wato endoskofi.

Abin da ya saye ni da wurin shi ne tambayoyin likitan kafin ya taɓa na'ura. "Alhaji, ruwa yana sarƙe ka? Kana tari in kana ci? Ka rame?" Ya yi mana bayani cewa in abinci mai tauri ne ya fara tsayawa, yawanci hanyar ce ta tsuke: ko tabon ƙwarnafi na shekaru, ko ƙari, har da cutar kansa, wato ciwon daji. In ruwa da tuwo duk suna gardama tun farko, an fi zargin naman hanyar abincin ne ba ya aiki daidai. Mai sarƙewa, abinci na biyo masa ta hanci kuwa, jijiya ake dubawa, irin ta masu shanyewar ɓarin jiki. Duk da Hausa ya faɗa, Baba na gyaɗa kai.

Gwajin bai kai minti 15 ba. Sun fesa masa maganin kashe zafi a maƙogwaro, suka ga hanyar ta tsuke daga ƙasa, kusa da tumbi, suka ɗan tsinko nama don a auna. Alhamdu lillahi ba kansa ba ce, ƙwarnafin da ya daɗe yana dannewa da kanwa ne ya bar tabo.

Inda suka ɓata min rai: an ce kada ya ci komai na awa 8, muka zo da sassafe, ba a kira shi ba sai gab da azahar. Dattijo da yunwa a kan benci! Kuɗin awon naman kuma daban ne, ba wanda ya faɗa mana sai a wurin biya.

Yanzu yana shan omeprazole, maganin ƙwarnafi, an ba shi ranar da za a buɗa masa hanyar. Duk mai zuwa wurin ya tambayi jimillar kuɗin tun a waya, ya kuma zo da ɗan rakiya, don in an yi allurar barci ba a barin mutum ya tuƙa mota.