Ƙuri'ar da ta biyo ni har gida

'Yan'uwa, ina gaishe ku daga Tsibirin Kudu na Niyu Zilan, inda nake aikin tatsar shanu a wani ƙauye. A Satumban 2025 na buɗe akwatin wasiƙa, sai ga ambulan da sunana, ɗauke da takardar zaɓen ƙaramar hukuma, wadda ake cikewa a gida a mayar. Ba ni da fasfon ƙasar, amma mai izinin zaman dindindin da ya shekara a nan yana da ƙuri'a.

Cikin kujerun har da na kwamitin al'umma, irin waɗanda aka kafa tun 1989 don kai kukan ƙauyuka gaban majalisar gunduma. Kowane ɗan takara an sa hotonsa a wani ɗan littafi, da bayanin da bai wuce kalma 150 ba. Kuɗin tsayawa dalar Niyu Zilan 200 ne, da sa hannun mutum biyu.

Abin da ya tsaya min a rai daren ganawa da 'yan takara ne a zauren gari. Na ɗaga hannu gabana na faɗuwa, na yi maganar hanyar tsakuwar da motar makaranta ke bi, wadda ruwa ke cinyewa. Wata dattijuwa mai neman komawa kujerarta ta tambayi sunan hanyar, ta rubuta, ta ce ikon kwamiti bai kai gyaran titi ba, amma za ta kai maganar majalisa. Ba ta yi min alkawarin komai ba. Da aka tashi, na same ta a kicin ta naɗe hannun riga tana wanke kofunan shayin da muka sha. Wallahi sai da idona ya ciko. Na tuna kansilolinmu da ba a sake ganinsu bayan rantsuwa, da jam'iyyar gwamna da ke lashe kujeru kaf. Mu ma da namu laifin: ɗan takara na zuwa, hannu muke miƙa masa maimakon tambaya.

Amma mutanen nan na ba ni haushi. Wajen kashi 40 cikin ɗari ne ke mayar da takardar! Abokin aikina tasa ta yi makonni a motarsa, har aka rufe zaɓe da tsakar ranar 11 ga Oktoba.

Tawa na jefa ta a akwati a babban kanti, ba layi, ba tawada a yatsa. Na fito tsit, ina kewar hayaniyar rumfar zaɓenmu.