Ɗan gatarin nan na Instagram: ruwan ya yi, ƙotar ce ta kusa jawo mini masifa

Masu yawan tambayata a kan ɗan gatarin nan da wasu samari a Legas suke talla a Instagram, wanda suka ce an yi shi ne don masu kwana a daji, ga amsarku gaba ɗaya, don bakina ya gaji da maimaitawa. Kuɗinsa kun sani, ba sai na faɗa ba. Kun kuma san gatarin gida nawa maƙeri zai ƙera wa mutum da wannan kuɗin, har ya ba shi canji.

Abin da ya sa na saya shi ne rashin nauyinsa. Gonata tana can wajen Tiga, a babur nake zuwa, kuma in aiki ya kankama a bukka muke kwana. Gatarin gida mai doguwar ƙota ba ya shiga jaka, kuma a wannan zamanin wa zai ɗaure gatari a bayan babur ya hau titin Zariya yana amsa tambaya a kowane shinge? Wannan kuwa tsawonsa duka-duka santimita 35 ne, kan ya kai kamar giram 450, da ƙota da kube bai wuce giram 700 ba. Cikin jakar goyo yake kwanciya tare da tocila da bargo, ba wanda ya san da shi.

Ranar da ya iso na ɗauka abin wasan yara aka turo mini. Da na kai shi gona cikin damina na gwada shi a kan busasshen reshen marke mai kaurin damtse, sai jikina ya yi sanyi. Ba ya tsalle, ba ya maƙalewa, kowane sara sai ya fitar da ɓallin itace mai faɗin tafin hannu. Sun ce da sifirin mota suka ƙera shi, kuma na yarda, don ƙarfen sifiri yana riƙe kaifi kuma ba ya saurin ɓalgacewa. Bakin siriri ne, amma sun bar masa ɗan tudu a bayan kaifin, shi ya sa yake ture itace gefe maimakon ya nutse ya kafe. A ƙarƙashin kan sun yi wani ɗan lanƙwasa inda yatsa yake shiga, sai mutum ya riƙe shi daf da ruwan ya fere turke ko ya yi kirare kamar da wuƙa. Wannan dabarar ta burge ni ƙwarai. A lokacin duk wanda ya tambaye ni cewa nake yi ya saya ido rufe. Har mutum biyu suka saya saboda bakina, abin da yake ci mini rai ke nan yanzu.

Cikin Janairu ne abin ya faru, muna noman rani. Wanda ya taɓa kwana a bakin ruwan Tiga da hunturu ya san sanyin da nake nufi, irin wanda yatsu suke ƙin lanƙwasuwa. Bayan sallar isha muka ce a ƙara wuta. Ɗan yayana, yaro ɗan sakandare da ya biyo ni hutu, yana tsugune yana hura wutar, ni kuma na juya masa gefe ina faskara wani guntun ƙirya. Na ɗaga, na sauke, sai na ji hannuna ya yi sakayau. Sanda kawai nake riƙe da ita. Kafin in gane abin da ake ciki sai muka ji ƙwal, kan gatarin ya wuce ta saman kafaɗar yaron ya huda jarkar ruwanmu da take bayansa. Ruwa yana ta bulbulowa yana gangarawa cikin wuta, yaron ya ɗago yana kallona ya ce, "Baffa, mene ne ya faɗi?" Bai ma san abin da ya gifta shi ba. Ni kuwa ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, na zauna a ƙasa ina ta innalillahi. Tsakanin ƙarfen nan da kunnensa bai kai taƙi ɗaya ba. Me zan je in gaya wa yayana? In ce gatarin Instagram ne?

A daren ban runtsa ba. Da gari ya waye na ɗauko kan da ƙotar na duba su a haske, a nan ne raina ya ƙara ɓaci. Ƙotar lafiyarta ƙalau, ko tsagewa ba ta yi ba, zarewa kawai ta yi. Da na mayar da ita cikin ramin sai ga ta tana lilo, har farcena yana shiga tsakani. Guntun itacen da ake bugawa a tsagar ƙota don ya buɗe ta ta cika ramin, wani ɗan siriri ne suka saka suka shafe samansa da baƙin gam ya yi sheƙi. Na ƙarfe da ake gicciya masa babu shi kwata-kwata. Ramin kuma miƙaƙƙe ne sambal daga ƙasa har sama, alhali ya kamata bakinsa na sama ya fi faɗi, ta yadda in ƙotar ta buɗe ba ta da hanyar fita.

Sauran kuma iska ce ta yi aikinta. A Legas danshin iska yakan haura kashi 80 cikin 100, itacen da ya zauna a can yana riƙe da ruwa kusan kashi 16 na nauyinsa. A Kano da hunturu danshin yakan faɗo ƙasa da kashi 20, itace ya bushe ya koma wajen kashi 5, ya tsuke. Duk wanda ƙofar katakon ɗakinsa take ƙin rufuwa da damina ta koma tana rawa da rani ya san wannan. Wato sun sa ƙota a ƙasar ruwa suka turo ta ƙasar buji, ba su yi tunanin komai ba. Mai sayar da kaya ga duk Najeriya ya ce bai san hunturu ba?

Na ɗauki hoto na tura musu, har da jarkar. Sai da na yi ta bibiya kafin wani ya amsa, amsar kuma ita ce in jiƙa shi cikin bokitin ruwa ya kwana, zai kama. Ko sannu babu, ko ya jikin yaron. Wallahi wannan ya fi zarewar ƙona mini rai. Jiƙawa tana kumbura itace na kwana biyu ne, ƙarfen ya matse shi ya murƙushe, in ya sake bushewa ya fi da girgiɗi, ga tsatsa a cikin ramin. Mutumin da yake kiran kansa mai ƙera gatari ya ba da wannan shawarar, to ko dai bai san aikinsa ba, ko ya ɗauka ni ne ban san komai ba. Na ce su turo wata ƙotar ko su mayar mini da wani abu, suka karanta suka yi gum.

Hotunan tallarsu ma in kun lura kwaikwayon gatarin Gränsfors Bruk na Suwidin suke yi, har da hatimi a kumatun ƙarfen. Waɗancan tun 1902 suke wannan sana'ar, kowane maƙeri yana buga haruffan sunansa a kan gatarin da ya ƙera, don in an samu matsala a san hannun wa ya fito. Fiskars na Finlan kuwa sun kauce wa matsalar ne gaba ɗaya, ƙaramin nasu X7 ƙotar roba mai zare aka narka a kewayen kan, ba abin da zai zare. Estwing na Amurka kai da ƙota ƙarfe ɗaya ne, an naɗe mariƙin da fata. Kowa ya zauna ya yi tunanin inda kai da ƙota suke haɗuwa. Namu sun kwafi hatimi sun bar wurin da ran mutum yake.

Na so in jefa shi a dam in huta. Abokin nomana ne ya ce mu kai wa wani tsohon maƙeri da yake yi mana garma da lauje. Tsohon ya juya shi a hannu, ya ɗauko magagari ya goga a bakin, magagarin ya zame bai ci ba. Ya goga a ƙeyar, ya ci. Ya ɗago ya ce, "Alhaji, wanda ya ƙona wannan ƙarfen ya iya wuta. Baki da tauri, baya da laushi, haka ake so. Mai sa ƙotar ne ba shi da tsoron Allah." Ya nuna mini gatarinmu na gargajiya da yake jingine, wanda ake cusa wutsiyar ruwan cikin kumburin ƙota, ya ce shi wannan kowane sara ƙara shigewa yake yi. Na ce, "Baba, to nawa fa, zai gyaru?" Ya ce in dawo ran kasuwa.

Ya buɗe bakin ramin ta sama da magagari, ya sassaƙa ƙota da wani marke da ya daɗe a rataye a rumfarsa yana shan hayaƙi, ya daidaita jijiyar itacen da bakin gatarin, ya buga guntun itace mai kauri, ya gicciya na ƙarfe. Bai shafa mata fenti ba, mai kawai ya goga. Tsohuwar ƙotar dama banishin da suka malala mata ya sha tasa mini bororo a hannu, na manta ban faɗa ba. Sabuwar ta ɗan fi nauyi, amma ba ya damuna, kuma tun daga lokacin ko motsi kan bai yi ba. Abin da tsohon ya karɓa bai kai kuɗin da na biya na kawo kayan daga Legas ba. Yanzu kam in na ɗauko shi sai in ji ina son abuna, don har yau dutse kawai nake ɗan goga masa ya dawo yana aske gashin hannu.

Sai dai ina cikin rubuta wannan na tuna da kuben, raina ya sake tashi. Fata biyu suka haɗa suka ɗinke, ba su sa ta uku a tsakani inda kaifin yake zama ba. Bakin ya yanke zaren tun kafin kaka, ya leƙo ya tsaga mini bargo a cikin jaka. Shi ma sai da na kai wa baduku ya sake shi. Wato a cikin abu uku da na biya, kai da ƙota da kube, biyu sai da na sake biyan wasu suka yi.

Mutum biyun da suka saya saboda ni na kira su na ce kada su sake ɗaga shi sai maƙeri ya gani. Kai ma in kana da shi, kankare baƙin gam ɗin da yake sama ka duba ko akwai ƙarfe a gicciye, ka riƙe kan ka murɗa ƙotar da ƙarfi. Jiya na ga sun sa hoton sabon samfuri mai jar ƙota, na zuƙo hoton na duba samansa, gam ɗin nan ne dai yake sheƙi.