Dashen magarya mai aure: abin da na gani bayan damina 2

Magarya itaciya ce mai ƙaya da kowa ya saba gani a daji, yara na tsintar 'ya'yanta da hunturu, kuma ba kasafai manomi ke ware mata wuri a gona ba. Shi ya sa na daɗe ina jinkiri kafin na sayi dashe 10 na magarya mai aure a wani wurin rainon itatuwa da ke bakin garinmu. Irin da ake kira Gola ne, ɗaya daga cikin ire-iren Indiya da cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, ta yaɗa da sunan tuffar Sahel. Ana aura reshensa ne a kan gindin magaryar gida, wadda saiwarta ke nitsewa ƙasa har ta jure farin da zai kashe mangwaro.

Dashen ya zo mini lafiyayye a cikin leda, wurin auren ya warke sarai. Na dasa su a farkon damina, na bar tazarar mita 6 tsakaninsu, na zuba takin gargajiya a kowane rami, kuma duka suka kama. 'Ya'yan da suka yi sun faranta mini rai ƙwarai, domin sun kusa ƙwan zabuwa girma, ga ruwa ga garɗi, kuma ana cinsu ne tun suna fara yin rawaya.

Inda mai sayarwar ya gaza shi ne wajen bayani. Bai gaya mini cewa gindin yakan fitar da tsiro a ƙasan wurin auren ba, wanda idan ba a cire shi da wuri ba yakan rinjayi reshen da aka aura. Ta haka guda 2 suka koma magaryar daji a hannuna, abin da har yanzu yake mini ciwo. Haka kuma daga bakin wani manomi na ji cewa ana sassabe rassan da bazara, tunda a sabon toho take yin fure, kuma ana binne 'ya'yan da suka faɗo saboda ƙudan da ke sa musu tsutsa.

'Ya'yan magarya mai aure ba sa ajiyuwa kamar busasshiyar magaryar gida, don haka wanda ke nesa da kasuwa ya fara da kaɗan. Ni dai zan koma in ƙaro guda 5 a damina mai zuwa.